Motar Asibitin Baba Ta Yi Shiru

Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannuwa biyu ba. Rediyoyi jibge har rufi, rimot cike da kwali, ga fanka da ba ta tashi sai an tura ta da biro. Duk layin Mai Gyara ake ce wa mai shagon.

Ranar wata Talata da azahar wata budurwa ta shigo, farar rigar ɗakin gwajin jini na leƙowa ta ƙasan mayafinta. Ta ajiye wani abu naɗe cikin tawul a kan teburinsa.

"Sannu da aiki. Kana gyaran jiniya?"

Bai ɗago ba. "Ta 'yan sanda ko ta 'yan kwana-kwana?"

"Ta asibiti."

Ta warware tawul ɗin. Motar asibiti ce ta wasa, tsawonta kamar tafin hannu, fara mai jan layi. Da ya ɗauka nauyinta ya ba shi mamaki. Ba roba ba ce, zubin ƙarfe ce irin ta da, ƙofofinta na buɗewa, da ɗan maɓalli a bayanta.

"Ta ɗanki ce?"

"Ta babana ce."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta, kuma ya ɗan jima bai mayar da ido kan aiki ba.

"Shekararsa nawa, yaron?"

Ba ta yi dariya ba. "Saba'in da ɗaya. Motar ma ta girme ka."

Ya kwance murfin ƙasan. Farin gari da kore-kore sun cika wurin batir.

"An bar batir a ciki ya fashe. Ruwansa ya cinye komai."

"Ni na bari," ta ce. "Aikina ne in duba su duk ƙarshen wata. Ita ce a can sama, na yi ta tsallake ta."

A tsaye ta ba shi labarin, a gajarce. Babanta yana da irin waɗannan motoci cike da kabad, tun yana saurayi yake tara su. Shekara biyar ke nan idonsa ya tafi. Yanzu da nauyi da kuka yake gane kowacce. Wannan ba ya taɓa ta sai jefi-jefi, wai kada ta gaji. Bai san ta fita daga gidan ba.

"Na matso da sauran sun rufe gurbinta. Ka taimaka ta koma kafin ya nema."

"To Direba, bar min lambarki."

"Auta ake ce min."

"Duk wadda ta kawo mota gareji, direba ce."

A bakin ƙofa ta yi murmushin da ta hana shi a ciki. Ya gani ta jikin madubin wani agogo.

Ya yi aikin yadda ya saba yi wa kowa. Ɗan allon da ke ba da kukan ya ruɓe gefe guda. Ya cire shi ya jefa a bokitin da ke ƙarƙashin tebur. Ya fasa wata sabuwar motar roba ya zaro nata, ya dasa da dalma. Ya lura fenti ya ɓare a rufin motar, wuri kamar ƙwayar wake. Ya goge, ya cike da farin fenti, ya bar shi ya bushe. Ba wanda ya sa shi. So yake ta ga ya iya.

Da yamma ya tura saƙo.

"Direba, marar lafiyarki ta farfaɗo. A zo a ɗauka kafin in saba da ita."

Ta amsa: "Da motar za ka saba ko da direbar?"

"Motar ba ta harara."

Da ta zo ya danna maɓallin. Jiniya ta tashi, tsaf, mai kaifi.

"Kamar ta fi da ƙara," ta ce.

"Lafiya ta samu."

Injin niƙa na aiki a maƙwabta, kuma ba motar take saurare ba. Ta naɗe ta a tawul, ta kai gida, ta mayar gurbinta.

Wata uku suka yi suna haɗuwa. Yakan rufe shago ƙarfe biyar ya jira ta a bakin asibiti, su taka har tasha. Ba mai yawan magana ba ne, ita ma haka. Ranar da ta ce tafin hannunsa duk tabon ƙuna, ya ce nata duk warin sabulun asibiti, suka yi ta dariya har motar da take jira ta wuce.

"Injiniyana, ka ci abinci?" takan rubuta.

"Na ci. Ƙarya nake. Ina tunaninki na ƙona rediyon wani."

"Ka ci abinci. Ba na son miji ƙashi da fata."

Ya karanta kalmar miji sau da yawa kafin ya amsa: "Yaushe zan zo in gai da Baba?"

Ranar Asabar ya je, da la'asar. Gwaggo ce ta buɗe ƙofa, ƙanwar Baba, wadda take riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Auta. Ta dubi takalminsa kafin ta dubi fuskarsa.

A falo ya tarar da wani mutum mai ƙamshin turare zaune kusa da Baba. Dillali ne, shi yake nemo wa Baba tsofaffin motoci shekara goma. "Ƙanwata" yake ce wa Auta, amma ba kallon ƙanwa yake mata ba, kuma Gwaggo ta daɗe da zaɓa wa Auta shi a ranta.

Baba dogo ne siriri, zaune tsam, baƙin tabarau a ido. Ya riƙe hannun Mai Gyara ya shafa yatsunsa.

"Hannun mai aiki. Me kake gyarawa?"

"Duk abin da ya daina magana, Baba."

"To ka gyara min Gwaggonka ta daina."

"Yaya, ka fara ko?" in ji Gwaggo.

Baba ya ji daɗin baƙon. Ya miƙe ba sanda, ya buɗe kabad, ya shiga ɗauko motoci ɗaya-ɗaya. Ta kashe gobara mai ƙararrawa. Ta 'yan sanda mai murya biyu. Wata jar motar tsere da take gurnani in an danna rufinta. Kowacce sai ya auna ta a tafin hannu, ya faɗi inda ya samo ta, sannan ya danna.

"Tunda kai mai sana'a ne," ya ce, "bari in jiyar da kai wadda ba na jiyar da kowa."

Ya miƙa hannu can sama. Auta na tsaye bakin ƙofa da farantin shayi. Ba ta gaya wa babanta yadda suka haɗu ba.

"Uwar Auta ce ta saya min. Ita da take cewa kayan yara nake tarawa. In ta kira ni cin abinci ban amsa ba, sai ta zo ta danna wannan. Ka saurara. In ta hau sama sai muryar ta ɗan dusashe, sannan ta sauko a hankali kamar mai hamma."

Ya danna.

Jiniya ta cika falon, sabuwa fil, da sauri, ba dusashewa, ba hamma.

Baba ya saki maɓallin. Ya kai babban yatsa kan rufin motar, ya shafa, ya sake shafawa, yana neman wani abu.

"Wannan ba tawa ba ce."



"Tawa tana da ɓarewa a nan. Ranar da Auta ta fara tafiya ta yar da ita. Wa ya taɓa kabad ɗina?"

"Ni ce, Baba." Auta ta ajiye farantin. "Batir ya fashe a ciki. Na ji tsoro, na kai masa ya gyara."

Dillali ya gyara zama. "Ai Baba abin da aka saba gani ne. A karɓi ta asali, a mayar da ta bogi. Masu neman irin wannan suna da yawa, kuma sun san inda suke zuwa."

"Innalillahi," in ji Gwaggo. "Ɓarawo har falo."

Mai Gyara ya sauko daga kujera ya durƙusa. "Motarka ce, Baba. Ban musanya ba. Fenti na sa a rufin, a kankare za a ga wurin."

"Wa ya ce ka sa?"

"Ba kowa."

"Kukan fa?"

"Allon ciki ya ruɓe. Na cire na sa sabo."

"Ina tsohon?"

Auta ta kafe shi da ido. Ya gane abin da take roƙo: ya ce yana shago, ya ce zai duba.

"A bokitin shara na jefa. Wata uku ke nan."

Baba ya koma kujerarsa a hankali, motar a hannu.

"Da sace ta ka yi," ya ce, "da na san tana can wani wuri tana kuka." Ya juya fuska bango. "Mutumin da aka ba shi abu bai tambaya ba ya zubar, ba zan ba shi 'yata ba. Tashi ka tafi."

Washegari da safe Mai Gyara ya je wurin masu sayen tsohon ƙarfe, inda ake kai bokitinsa duk sati. Tsibi ne da ya fi ɗaki tsayi. Kwana biyu ya yi yana tono da hannu, suna kallonsa suna dariya. Suka ce kayan wata uku tuni an narkar. Ya koma shago da yanka a yatsu uku.

A gida Baba ya daina buɗe kabad. Yakan zauna da rediyo a kashe. Auta ta kawo abinci ya ce ta ajiye, ba ya ƙara komai. Gwaggo kuwa ta samu fili.

"Ke dai ki gode wa Allah da ya tona shi da wuri. Ga Dillali nan mai mota ta gaske, kin tsaya wa mai zama ƙarƙashin matakala."

"Gwaggo, ki bar ni."

"Na bar ki, shekaru za su bar ki ne?"

Ranar Alhamis Auta ta biya shagon. Ba ta zauna ba.

"Ka samo wani tsohon allo, ka sa. Ni zan kwatanta maka kukan, na san shi. Ka ce ka tono nasa a wurin masu ƙarfe. Ba zai gani ba."

"Zai ji."

"In ya ce ya bambanta, ka ce ruwan batir ne ya canja shi. Zai yarda, don yana so ya yarda."

"A'a."

"A'a kawai?"

"Kin ɓoye masa, na zubar masa. Biyu ke nan. Ba zan ƙara ta uku ba."

Idonta ya kawo ruwa, amma murya ba ta rawa. "Kai ba ka taɓa zama da makaho ba. Shekara biyar muna ce masa komai lafiya. Rufin baya na yoyo, mun ce an gyara. Abokinsa ya rasu, sai bayan wata biyu ya ji. Haka ake riƙe shi. Dillali ya turo manya jiya, ka sani? Baba ya ce zai yi tunani."

Ya ajiye ƙarfen dalma. "Direba."

"Kada ka Direba ni. Ka zaɓi gaskiyarka a kaina, ka zauna da ita."

Ta fita. Kwana goma bai ji daga gare ta ba. Ya tura saƙo ɗaya.

"Ban fasa ba. Ban kuma canja magana ba. Ki ci abinci."

Ya ga alamar ta karanta. Ba amsa.

A cikin kwanakin nan Dillali ya zo da kyauta. Ya ajiye kwali a cinyar Baba yana murmushi har kunne.

"Irin ta ce sak, Baba. Shekara ɗaya, kamfani ɗaya. Ba a taɓa buɗe ta ba tun daga masana'anta. Na sha wuya kafin na samo."

Baba ya shafa kwalin, ya shafa ledar da ke gabansa. "Auta, kawo batir."

"A'a, Baba!" Dillali ya dafe kwalin. "In aka yage wannan ledar, darajarta ta tafi. Ba a buɗe irin wannan."

"To me ake yi da ita?"

"A ajiye a riƙa kallo."

Gwaggo ta yi tari. Dillali ya ji abin da ya faɗa bayan maganar ta riga ta fita.

"Ɗauki kayanka, ɗana," Baba ya ce. "Ka kai wa mai ido."

Bai ce ya fasa tunanin ba Dillali auren Auta ba, bai kuma ce ya gama ba.

Asabar ta gaba Mai Gyara ya buga ƙofa da jaka a kafaɗa. Gwaggo ta tare hanya.

"Wani abin ka zo zubarwa?"

"Wurin Baba na zo, Gwaggo."

"Ni ba gwaggonka ba ce."

"Bar shi ya shigo," muryar Baba daga falo. "Na ji ƙarar ƙarafa a jakarsa."

Ya durƙusa inda ya durƙusa wancan karon. Ya zazzage jakar a kan tabarma: tsofaffin rediyoyi uku na zamanin motar, da ya bi layi-layi ya samo.

"Na nemi allonka ban samu ba, an narkar. Kayan cikin waɗannan irin nasa ne. Zan iya haɗa wani. Amma ni ban taɓa jin kukanta ba, a mace aka kawo min ita. Ni hannu gare ni, kai ke da kunne."

"Kana tsammanin wannan zai ba ka 'yata?"

"Ina fata, Baba. Amma ko bai ba ni ba, ni na ɓata aikin."

Baba ya miƙo masa motar. "Fara da rufin. Kankare fentinka."

Ya kankare da tsinken ashana da ɗan man goge fenti, a hankali, kusan awa guda. Baba ya karɓa ya kai yatsa. Ya sami wurin. Bai mayar da motar ba sai da ya jima.

Haka suka shiga yi duk Asabar da la'asar. Mai Gyara ya dasa abu, ya haɗa waya, ya danna. Baba ya karkata kai.

"Ta yi sauri."

Ya canja.

"Yanzu kamar akuya."

Ya canja.

"Hawan ya yi. Saukar ce ba ta yi ba. Kai, kana ji kuwa, ko kunnen ado ne?"

Hayaƙin dalma ya riƙa sa Gwaggo atishawa, tana mita daga kicin cewa an mayar mata da falo gareji. Auta takan kawo shayi kofi biyu ta ajiye ba ta kalle shi ba. A Asabar ta uku ya ga an sa filasta a gefen farantin, don yatsunsa. Da ya fita ya sami saƙonta.

"Ka rame."

"Direbata ta ajiye aiki."

"Ba ta ajiye ba. Fushi take."

"Har yaushe?"

"Har in daina jin kunyar abin da na ce ka yi."

A Asabar ta shida abin ya lalace. Ya danna, Baba ya karkata kai. Ya sake dannawa.

"Mayar da ta makon jiya."

Ya mayar.

"A'a. Ta ɗazu." Baba ya cire tabarau ya murza idanun da ba sa gani. Ya buɗe baki zai kwaikwayi kukan da kansa, kamar yadda yake yi tun farko, ya fara, ya tsaya a tsakiya. Ya sake farawa. Ya tsaya.

"Ya tafi," ya ce. "Na ji kuka iri hamsin a falon nan, sun hau kan nata. A da ina da shi a kaina, ko motar ta mutu. Yanzu ban san wanne ba ne." Ya mayar da tabarau. "Sau biyu ke nan ka raba ni da ita."

Mai Gyara ya zauna da ƙarfen dalma a hannu har ya huce. Ya tattara kayansa.

Auta ta biyo shi har bakin titi, karo na farko.

"Shi ke nan ko?" ta ce.

"Ban sani ba."

"Da ka bi tawa, da yanzu yana zaune da motarsa yana murna."

"Haka ne."

"Ba za ka ma yi musu ba?"

"Gaskiya kika faɗa. Na ƙara masa ciwo."

Ta dube shi, ta kama bakin mayafinta ta share fuska. "Ina sonka, kuma ka ba ni haushi. Tafi."

Ranar Laraba saƙonta ya shigo yana tsakiyar aiki.

"Na gaya wa Baba komai. Abin da na ce ka yi, da rufin baya, da sauran. Bai yi min magana ba tun jiya. Yau ya ce ka zo Asabar. Ya ce kada ka zo da jaka."

Ya je hannu sake. Baba na zaune, motar asibitin a kan tebur gabansa. Gwaggo na gefe, Auta a bakin ƙofa.

"Zauna a kujera," Baba ya ce. "Gwiwarka ta huta. Auta ta ce ta ba ka shawara, amma ka ƙi bi."

"E, Baba."

"Ka san da zan yarda?"

"Na sani."

"Ranar farko ma, da ka ce allon yana shago, da ban kore ka ba."

"Na sani."

"To me ya hana ka? Wauta?"

"Wataƙila. Ka tambaye ni ne, kuma ba ka da yadda za ka duba."

Baba ya juya fuska wajen ƙanwarsa. "Ke, rufin baya an gyara?"

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Yaya, ai don hankalinka ya kwanta ne."

"Hankalina ya kwanta a ƙarƙashin ruwa. Ina jin ɗigarsa a bokiti duk damina, ina jira wani ya gaya min." Ya numfasa. "Shekara biyar kowa na tausaya min. Dillali ya kawo min mota yana cewa fentinta lafiya, yatsana na jin tsatsa. Na yi shiru, don in na yi magana wa zai sake kawo min? Wannan yaron ya yi min ɓarnar da ba wanda ya taɓa yi min. Shi kaɗai ne kuma ya faɗa min abin da ke gabana."

Ya laluba ya ɗauki motar ya danna. Ta hau, ta ɗan dusashe, ta sauko. Ya saurara har ta gama.

"Ba ita ba ce. Ko ita ce ma, ban sani ba. A bar ta haka, kada a sake taɓawa." Ya ajiye. "Ban yafe zubarwar ba tukuna, kada ka ce na yafe. Amma zan ba da 'yata inda ba zan iya gani ba. Ina buƙatar wanda in na tambaye shi yaya take, zai gaya min. Ka turo manyanka."

Auta ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Mutum ya yi ɓarna a ba shi mata. To ai sai ya hau ya gyara rufin, tunda ya zama ɗan gida."

"Gobe, Gwaggo."

"Ka tambaya dai kafin ka zubar da wani abu."

Da yamma, yana kan hanya, wayarsa ta yi ƙara.

"Injiniyana, ƙafafuna sun ƙi tashi."

"Ki zauna. Zan zo in duba ko batir ne."

"Allah ya shirye ka. Ina sonka."

"Ni ma, Direba. Tun ranar tawul."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ba taro mai yawa ba. Dillali bai zo ba, ya aiko da gaisuwa. Gwaggo ta yi ta faɗa da masu kwasar kaya tun safe, ta kuma fi kowa cika farantin ango.

Da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka fito da Auta. Baba na tsaye bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan kafaɗar ƙanwarsa. Auta ta durƙusa gabansa, ya dafa kanta.

"Tana kuka ne?" ya tambaya.

"Ina fa," in ji Gwaggo, tana share nata idon. "Dariya take, Yaya. Murna take."

Baba ya miƙa hannu cikin iska har ya kama wuyan hannun surukinsa.

"Kai nake tambaya."

"Kuka take, Baba. Sosai. Gwaggo ma haka."

Baba ya gyaɗa kai. "Madalla. To ku je. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana. Ya sa ku tsufa tare, kuna ji kuna gani."

"Amin," suka ce.

Ya saki hannun. Ya tsaya a wurin yana saurare har motar ta sha kwana.